Audugar Orval Tidwell

Orval Tidwell ya fi ni hannu. Gara in faɗi wannan da bakina tun daga farko kafin wani ya faɗa muku da nasa, don a garinmu ko matar da ke sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin titi ta sani. Shekara arba'in da shida muna sassaƙa duwatsun kabari a wannan ƙaramin gari namu na arewacin jihar Jojiya ta Amurka, shagona a wannan gefen layin dogo, nasa a wancan gefen, kuma ban taɓa wuni guda ban tuna da shi ba. Matata Glenda ta ce ko ita ba ta samun wannan matsayi a zuciyata.

Tare muka koyi sana'ar a hannun tsoho Gaines, muna 'yan shekara sha bakwai. Wata rana ya ba kowannenmu guntun dutse, ya ce a fitar masa da ganye. Na yi kwana uku a kan nawa. Ya ɗauka ya jujjuya, ya ce, "To, ganye ne." Da ya ɗauki na Orval kuwa sai ya kai shi bakin taga ya ajiye kusa da hoton matarsa. Tun ranar wani abu ya tsaya mini a rai, har yau da nake da furfura da jikoki biyar bai wuce ba.

Ba wai mutumin yana da wani kwarjini ba ne. Gajere ne siriri, kunnuwansa fato-fato, aljihunsa kullum da gyaɗa, magana kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ciro guda daga bakinsa. Shi ne babban dattijo a cocinmu na Baftis, shi ke riƙe da makullin coci tun kafin a haifi fastonmu na yanzu. Ba ya sha, ba ya zagi, ba ya ƙarya. Wannan rashin ƙaryar ma ya fi komai ba ni haushi, don mutumin da ya fi ka hannu ya kamata aƙalla ya kasance maƙaryaci ka samu abin riƙewa. Lokacin da injin feshin yashi mai zana dutse ya zo, ni na fara saye, ina gama dutse cikin kwana biyu. Orval ya saya don rubutun sunaye kawai, amma fure da ganye da tsuntsu ya ce sai da guduma da ƙarfe. Mutane su yi shekara guda suna jiran layi a wurinsa, mamacinsu na kwance da ɗan allon katako, ga shagona a buɗe ina korar ƙuda. Masu gaggawa ne nawa, da baƙin da ba su san gari ba.

Aikin da ya fi ɗaga sunansa shi ne dutsen Gwaggo Vesta, ƙanwar ubansa. Ita ta riƙe shi bayan dutse ya danne uban a mahaƙa, ta haɗa shi da ɗanta guda, Lamar, suka tashi a ɗaki ɗaya. Da tsinkar auduga ta ciyar da su har yatsunta suka kanannaɗe. Da ta rasu, Orval ya sassaƙa mata audugar da ta fashe a ɓawonta, guda ɗaya tak, a saman sunanta. Mutane na tahowa daga wasu garuruwa su taɓa, don ido ya ƙi yarda cewa dutse ne. Ni ma ina zuwa. Ranar Lahadi bayan an tashi coci nakan ce wa Glenda zan duba wani aiki a maƙabarta, in je in tsuguna ina neman inda ƙarfensa ya goce. Shekara ashirin ina nema ban samu ba.

Lamar ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya. Shekara talatin da ɗaya yana zaune a wani gida bakin tafki da wani mutum mai suna Emmett, mai gyaran agogo, dogo mai son dariya. Duk gari "ɗan hayan Lamar" ake ce da Emmett, kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba, aka zauna lafiya. Da doka ta canza aka yarda namiji ya auri namiji, suka sa kwat suka tafi kotu aka ɗaura musu. Ba a yi shekara ba likita ya ce wa Lamar ciwon daji ya ci cikinsa, da wuya ya ga lokacin sanyi.

A nan wurinmu ma'aurata ba sa jiran mutuwa. Tun suna da rai suke sayen dutse ɗaya mai faɗi, a rubuta sunan miji a gefe guda, na mata a ɗaya gefen, yadda suka tsaya a gaban fasto, da shekarar haihuwa, a bar gurbin shekarar mutuwa. A tsakiya a sa zobba biyu a sarƙe da ranar aure. Wasu har hoto suke zuwa ɗauka a jikinsa. Irin wannan dutse Lamar ya so, kusa da na uwarsa, da auduga irin tata a sama, kuma ya so ya gan shi da idonsa kafin ya tafi. Ba wanda zai yi mamakin shagon da suka nufa.

Emmett ne ya ba ni labarin yadda aka yi, daga baya. Ya ce Orval ya ba su kujeru, ya zuba musu shayi mai sanyi, ya saurara har suka gama. Sannan ya ce zai yi wa Lamar dutsen da ya fi na Gwaggo, ya yi wa Emmett nasa daban, a jera su ko yatsa ba zai shiga tsakaninsu ba. Amma dutse ɗaya da zobba, hannunsa ba zai yi ba, don abin da ya rubuta a dutse shi zai amsa a gaban Ubangiji, kuma Littafi bai nuna masa wannan aure ba.

Lamar ya ce, "Yaya, shekara talatin da ɗaya ina zaune da tsaga a tsakiya don kada in ba ka kunya. A kabari ma sai na kwanta da ita?"

Orval ya sunkuyar da kai. Suka tashi suka bar masa shayinsa.

Kafin mako ya zagayo gari ya rabu biyu. Matan coci suka yi ta kai wa Orval burodin masara da soyayyar kaza, fasto ya yi wa'azi guda sukutum a kansa, wata jarida ta buga hotonsa a ƙofar shago. Wasu kuma daga nesa suka yi ta bugo masa waya suna zagi. Layinsa ya ƙaru. Ku duba fa, mutum ya ƙi aiki, ƙin ma ya zama masa talla. Zan faɗi abin kunya: har zagin na yi masa hassada, don ni ba wanda ya taɓa damuwa da ni har ya ɓata kuɗin waya ya zage ni.

Da motar Emmett ta tsaya a ƙofar shagona, daɗi ne ya fara kama ni, ba tausayi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Coci ɗaya muke da Orval, benci uku ne tsakaninmu, abin da ya ji a wa'azi shi na ji. Da a ce wurina suka fara zuwa, wataƙila da na ƙi, in samu nawa burodin masarar. Amma abin da Orval ya ce hannunsa ba zai yi ba, ko mene ne, nawa hannun ƙaiƙayi yake.

Lamar ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma bakinsa na nan. Ya zauna ya dube ni ya ce, "Hoyt, kada mu yaudari juna, rashin uwa ne ya sa muka zo wurin uwar ɗaki. Za ka iya audugar?"

Na ce zan iya. Ban san wanda ya aiki bakina ba.

Muka zo kan wa zai kwanta a wane gefe, tunda tsarin na miji da mata ne, na yi ta in-ina. Emmett ya yi dariya ya ce in sa shi a gefen da ya fi kusa da hanya, don a gida ma nan yake kwana, shi ke tashi in kare ya yi haushi. Lamar ya ce ƙarya yake, minshari ne ya sa aka kore shi bakin ƙofa. Suka yi ta musu a gabana irin na tsofaffin da suka gaji da juna amma ba sa iya rabuwa. Na rubuta komai, na yi alkawarin wata guda.

Glenda ta ce na ɗauko dala ba gammo. Iyalai biyu na coci suka janye aikin da suka ba ni, fasto ya tare ni a bakin mota ya ce yana yi mini addu'a, da irin muryar da ta fi zagi ciwo. Duk wannan bai dame ni ba. Sunaye da zobba injin ya gama su cikin kwana biyu, tsaf. Audugar ce ta tsaya.

Na tara gutsattsarin duwatsu ina gwaji. Na je gonar wani na tsinko auduga ta gaske na dasa a gabana. Na sassaƙa, na goge, na sassaƙa, na goge har tana ƙyalli. Glenda ta kawo mini abincin rana ta tsaya tana kallon gwajina na bakwai, ta tambaye ni da zuciya ɗaya ko dankali ne. Na ce ta ajiye kwano ta tafi, na huce haushin kaza a kan dami. Mako uku suka wuce. Emmett ya bugo ya ce Lamar ya daina cin abinci sai romo, kullum da safe tambayarsa ɗaya, ko an kai dutsen. Na ce saura kaɗan. Na ajiye waya na zauna a kan buhun yashi, na tabbata mutumin nan zai mutu bai ga dutsensa ba, kuma ni na jawo da alkawarin da girman kai ya sa na yi.

Ranar wata Laraba da tsakar rana inuwa ta tare mini haske. Na ɗaga kai, ga Orval a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa. Tun da na buɗe shagon bai taɓa tako shi ba.

Na ce, "Dariya ka zo yi? Shigo ka yi a inuwa."

Ya ce, "Rufe tsakiyar nan da tampol."

Na so in kore shi, Allah ya sani. Amma na tashi na ja tampol na rufe sunayen da zobban, na bar saman dutsen kawai a buɗe. Sannan ya shigo, hannuwansa biyu a aljihu, ya zagaya gutsattsarin gwajina ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ba zan taɓa shi ba, ka ji tun yanzu. Wa ya ce maka ana goge auduga? Abin da ke ƙyalli ido ya san mai tauri ne. Kuma kai audugar kake ta bi. Bar ta. Ɓawon za ka sassaƙa, ka yi masa tsini, ka rarake ƙarƙashinsa inuwa ta zauna. In ɓawon ya yi kaifi, ita da kanta za ta yi laushi."

Shekara ashirin ina tsugune a gaban kabarin Gwaggo Vesta ban ga wannan ba, don kuskure nake nema, ba darasi ba. Da na tambaye shi tun muna samari da ya faɗa mini, na san da ya faɗa. Wannan ma wani haushin ne.

Kwana uku yana zuwa, kullum da tsakar rana in ya rufe shagonsa don cin abinci. Ya tsaya a bayana, ni ina kan dutsen gaske, yana cewa "kwantar da ƙarfen," "hagu," "ya isa, ka cika zari." In na yi bugun da bai yi masa ba sai ya ja tsaki ya ce tsoho Gaines na juyi a kabari. Ina jin kamar in juya in ɗora masa gudumar a ka, amma hannuna na bin maganarsa. A rana ta uku na kasa haƙuri na ce masa, shi da ya ce hannunsa ba zai yi ba, wannan da yake yi ba sa hannu ba ne?

Ya ce, "Jaki nake koya wa karatu, wannan sadaka ce."

Can ya ƙara da cewa, yana kallon ƙasa, "Kullum ina tambayar Ubangiji, Hoyt. Bai ce mini komai ba tukuna. Ɗaki ɗaya muka tashi da yaron nan."

Ranar Asabar na hure ƙurar ƙarshe, na ja da baya. Orval bai zo ba ranar. Ni kaɗai na tsaya a gabanta, auduga ce, fashe a ɓawonta, ka ce iska za ta ɗauke. Na kai yatsa na taɓa don in tabbata. Ni Hoyt Mabry na yi wannan, kowane bugu nawa ne. Na yi kuka a shagon nan, ba na jin kunyar faɗa. Na riga na fara hango fuskokin mutane in an ce musu aikin wane ne.

Ranar Litinin da hantsi muka kafa dutsen kusa da na Gwaggo Vesta. Emmett ya kawo Lamar a mota, muka sauke shi a keken marasa lafiya, an lulluɓe shi da bargo duk da zafin da ake yi. Ya karanta sunansa, ya karanta na Emmett, ya daɗe a kan zobban. Sannan ya ce a matsar da shi. Ya ɗora yatsunsa a kan audugar, ya bi ɓawon a hankali, ya sa ɗan yatsa a ƙarƙashi inda na rarake. Sai fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Emmett, ya zo. Yaya ya sauko. Wannan hannunsa ne, ko a mafarki na san shi." Ya juyo gare ni, hawaye na bin kumatunsa. "Hoyt, kada ka ɓoye mini. Shi ne, ko?"

Emmett ya san gaskiya, don sau biyu yana leƙowa shago ya same ni da guduma a hannu. Ya dube ni ta saman kan Lamar, bai roƙe ni da baki ba. Tun ina ɗan sha bakwai nake jiran ranar da wani zai ga aikina ya ɗauka na Orval ne, ga ta ta zo, kuma ta zo ne ta ƙwace mini aikin. Gaskiyar na nan a kan harshena, ina jin ɗacinta.

Na ce, "Shi ne. Ya ce kada in faɗa."

Lamar bai iya riƙe ta ba. Duk wanda ya je duba shi sai ya gaya masa yayansa ya yafe masa, ya sassaƙa masa auduga da hannunsa. Emmett ya ce har romon ya ƙara sha a kwanakin. Kafin Lahadi magana ta kai coci, mutane suka yi ta zuwa maƙabarta suna dubawa, kuma ba wanda ya yi shakka. Ko mutum ɗaya bai ce anya ba Hoyt ba ne.

Ranar Lahadin bayan sujada a coci aka ce maza su tsaya. Fasto ya ce ba ya son tsegumi, tambaya ɗaya zai yi a gaban kowa. Ya ce, "Ɗan'uwa Orval, an ce bayan duk abin da ka tsaya a kai, ka koma a ɓoye ka yi wa mutanen nan dutsen. Kai ka sassaƙa?"

Kalma ɗaya ta ishe shi, kuma gaskiya ce, bai taɓa dutsen ba. Da ya ce a'a, ba wanda zai musa masa. Amma Lamar na da rai a lokacin, kuma abin da aka faɗa a cocinmu da safe yakan isa bakin tafki kafin a sauke tukunyar rana. Orval ya miƙe, ya juyo ya dube ni. Ƙafafuna suka so su tashi. In na tashi na wanke shi, na kuma karɓi abina a gaban duk gari, riba biyu. Na damƙe bencin gabana da hannu biyu na zauna.

Orval ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin coci, ya ajiye a kan tebur a gaban fasto, ya ɗauki hularsa ya fita. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Na bi bayansa da kallo, kuma in kuna tsammanin tausayinsa na ji, ba ku fahimce ni ba har yanzu. Abin kirki guda ɗaya na taɓa yi a rayuwata, ƙaryar nan da na yi a maƙabarta, ita ma bai bar ni da ita ba sai da ya zo ya ɗora abin da ya fi ta.

Lamar ya rasu bayan kwana tara. Mutanen coci ƙalilan ne suka zo jana'iza. Orval ya zo, ya tsaya can baya. Da aka watse, Emmett ya tafi raka baƙi zuwa motocinsu, na tsaya ina auna gurbin da zan sa shekarar. Orval ya matso ya tsaya kusa da ni, a karo na farko ya ga dutsen ba tampol. Ya daɗe yana kallon audugar, ya dubi ta Gwaggo, ya dawo.

Ya ce, "Ta fi tawa."

Na waiga hagu, na waiga dama. Ba kowa a wurin sai mu biyu da matattu.